Daga Fadamar Jere Zuwa Ɗakin Wankin Ƙoda

(Kiɗan buɗe shiri, sai ya lafa)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Zabarmari, da na Khaddamari, Gongulong, Dusuman da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jere. Iyayenmu Lawanai da Bulamai, Allah Ya ƙara girma. Iyayenmu mata da ke bakin murhu a wannan lokaci, sannunku da hayaƙi. A shirinmu na yau zancen tukunya za mu yi, da cututtukan da kan zauna wa mutum har ƙarshen ransa: hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda, shanyewar ɓarin jiki. Za kuma mu taɓo gwamnati, domin tana da hannu a cikin tukunyar nan fiye da yadda muke zato.

Har gobe akwai masu cewa waɗannan cututtukan masu kuɗi ne, na Alhajin da ke zaune cikin sanyin mota yana cin kaji. Wai manomin da ke wuni cikin taɓo da lauje a hannu ba ruwansa da su. Da haka ne da mun ji daɗi. Binciken da aka yi ta yi a sassan Najeriya ya nuna kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku yana da hawan jini, kuma da yawansu ba su ma sani ba, saboda ciwo ne da ba ya sallama. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 sun ce kusan kashi 29 cikin ɗari na mace-macen ƙasar nan daga irin waɗannan cututtuka ne da ba a ɗaukarsu daga wani. Bambancin mai kuɗi da talaka a nan shi ne, mai kuɗi yakan gano nasa a wurin awo, talaka kuwa sai ranar da ya faɗi a gona, a ce iska ce ta buge shi.

To me ya canza? Ku tambayi dattawa abin da ake ci a ƙasar Barno shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce. Gero ne da dawa da masakwar firgi. Burabusko, tuwo da miyar kuka ko ta yakuwa, wake, kifin Tafkin Chadi, nono daga rugar Fulani da Shuwa. Yaro kuma kafin ya dawo daga daji ya cika cikinsa da magarya da aduwa da goruba. Ba na cewa zamanin da babu yunwa. An yi ta, har da mai tsanani. Amma in damina ta yi kyau, kwanon talaka yakan haɗa abubuwa iri-iri.

Rikicin da ya dabaibaye jihar nan tun 2009 ya matse wannan kwano. Gonar da ke nesa da gari ta zama abin tsoro, kuma babu wanda zai koya wa mutanen Zabarmari wannan. Ranar Asabar 28 ga Nuwamba 2020 aka yi wa manomansu kisan gilla a gonakin shinkafa na Koshebe, washegari aka yi jana'izar mutum 43 a cikin gari, Gwamna Babagana Umara Zulum na tsaye a wurin. Allah Ya jiƙansu da rahama. Hanyar Baga da ke kawo kifi ta yi shekaru tana buɗewa tana rufewa. Garken shanu ya watse, nono ya yi tsada. Aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kai kaya kasuwa ya tashi. Sannan a watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri da Jere, ya shiga gonaki da rumbuna, har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri bai tsira ba. Duk lokacin da irin wannan ta faru, abin da ke fara fita daga tukunya shi ne kifi da wake da ganye da nono. Abin da ke saura shi ne mai cika ciki da arha: farar shinkafa, taliya, garin kwaki, mai, da dunƙulen magi da zai ba su ɗanɗano.

Kada wani ya ce na zo garin shinkafa ina zagin shinkafa. A'a. Ita ce rufin asirin Zabarmari, ruwan Ngadda da ke malala cikin fadamar Jere kuwa ni'ima ce da garuruwa da yawa ke sha'awa. Amma shinkafa suna ta tara. Ƙwayar shanshera tana da ɓuntu a waje, a ƙarƙashinsa akwai dusa mai ɗauke da bitamin da harza, sai farar tsakiya wadda kusan duk sitaci ce. Injin da ke goge ta har ta yi ƙyalli yakan kwashe dusar, ya bar sitacin. Shi kuwa sitacin da ba shi da abokin tafiya, da ya shiga ciki nan da nan yake komawa suga ya hau jini. In ana haka safe da rana da dare, shekara da shekaru, sai jiki ya gaji da sarrafa shi. Mafarin ciwon suga ke nan ga mutane da yawa.

A nan iyayenmu mata masu turara shinkafa sun riga likitoci. Idan aka jiƙa shanshera aka turara ta kafin a kai inji, wani kaso na amfanin dusar yakan ratsa cikin ƙwayar, kuma sugarta ba ta hawa jini da gaggawa kamar wadda ba a turara ba. Wato 'yar gidan nan mai ɗan duhu da wasu 'yan birni ke yi wa kallon raini ta fi mai ƙyallin amfani a jiki. In kuma aka haɗa ta da wake, ba waken ado da sai an tona ake ganinsa ba, wake na gaske kamar kashi ɗaya cikin uku na tukunya, aka sa zogale ko rama a gefe, to an rage mata kaifi sosai.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna a duk shirin nan, ina roƙon ku ba ni kunnuwanku. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus sun toshe hanyoyin abinci zuwa yammacin ƙasar Holan, aka yi yunwa ta wasu watanni wadda ta kashe dubban mutane. Yunwar ta wuce, ƙasar ta yi arziki. Amma da likitoci suka bi sawun jariran da suke ciki a lokacin, sai suka tarar bayan sun manyanta ciwon suga da ciwon zuciya sun fi kama su fiye da waɗanda aka haifa kafin yunwar ko bayanta. Wani likitan Ingila, David Barker, ya ga irin wannan a tsofaffin takardun haihuwa na ƙasarsu: jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi ya fi fuskantar hawan jini da ciwon zuciya in ya girma. Bayanin shi ne, ɗan tayin da bai samu isasshen abinci ba yakan yi tsimi wajen ginin jikinsa. Ƙodarsa kan zo da ƙarancin matatai, gaɓar da ke samar da sinadarin insulin ba ta cika ƙarfi. In daga baya ya faɗa cikin duniyar lemon kwalba da taliya da gishiri, kayan aikin da zai tare su da shi ba su kai na kowa ba.

Ku tuna watan Yunin 2016, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga Bama ta ba duniya labarin yaran da tamowa ke kashewa a sansani. Ku tuna matan da suka yi goyon ciki a sansanonin Muna da Bakasi da Dalori. 'Ya'yan da suka haifa suna makarantar firamare yanzu, wasu suna tallar gyaɗa a bakin titi. Nan da shekara ashirin ko talatin su ne magidanta. Abin da ya faru a Holan na watanni ne. Namu ya ɗauki shekaru. A watan Afrilun 2025 ma Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta amince da wani nau'i da ta kira na biyar, wanda ke kama matasa ramammu da suka tashi cikin rashin abinci. Saboda haka duk wanda ke tsara harkar lafiya a jihar Barno, in yana ganin tamowa daban, hawan jini da suga daban, kowanne da ofishinsa da motarsa, to bai karanta abin da ke tafe ba. Ƙwai ɗaya ko kofin kunun gyaɗa da mai ciki ta samu yau, rigakafin ciwon ƙodar ɗanta ne. Maigida, in nama ɗaya ne a miya, ita ta fi ka buƙatarsa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro barkanmu da sake saduwa. Mu koma kan gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, wato ƙasa da cikin cokalin shayi ɗaya. Wannan ya haɗa da na miya, na burodi, na yaji, na ƙuli-ƙuli, na komai. Uwargida za ta ce ai ni ɗan kaɗan nake barbaɗawa. Gaskiya ne, Hajiya, amma dunƙule nawa kika murza? Kusan rabin nauyin kowane dunƙule gishiri ne. Farin magi ma yana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki yana tayar da jini. Ƙullin da ke cikin ledar taliyar yara haka. Daddawa da busasshen kifi da albasa da citta da tafarnuwa su ne suka riƙe miyar kakanninmu, kuma harshe yakan saba: in aka rage gishiri sannu a hankali, cikin 'yan makonni mutanen gida za su daina tambaya.

Akwai kuma gishirin da ba ma lissafawa a gishiri, wato kanwa. Ita ma sodiyam ce jibge a cikinta. A shekarun 1970 likitoci a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Davidson da Parry, sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya nuna zancen ya fi haka faɗi: akwai talauci, akwai rama, akwai ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jinin matan. Ba kanwa kaɗai ce mai laifi ba ke nan. Duk da haka, mai jegon da jininta ya hau lokacin goyon ciki, ko ƙafarta ke kumbura, ba ta da abin nema a kunun da aka zabga wa kanwa. Kakanni da ungozomomi, ku ne masu iko a ɗakin jego, wannan saƙo naku ne.

Sai sukari. Mu mutanen Barno ba a raba mu da shayi, kuma shayin da cokali bai tsaya a cikinsa ba wasu ba sa kiransa shayi. Iyakar da masana suka sa wa babba ita ce kamar cokalin shayi 12 a yini, in an samu rabin haka ya fi. Kwalbar lemo mai rabin lita ita kaɗai takan ɗauki cokali 10 ko fiye. Zoɓo da ardeb da kunun aya da ake ƙullawa a leda, in an cika musu sukari, sunan gargajiya ba zai cece su ba.

To ina gwamnati a duk wannan? Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari, aka fara karɓa a 2022. Tunanin mai kyau ne. Ƙasar Meziko ta sa irinsa a 2014, sayen lemo ya ragu da kusan kashi 6 cikin ɗari a shekarar farko, kuma a gidajen talakawa ya fi raguwa. Ingila ta ɗaura nata harajin a kan yawan sukarin da ke cikin kwalba, sai kamfanoni da kansu suka rage sukarin tun kafin dokar ta fara aiki a 2018. Namu fa? Naira 5 ce a kan kwalbar rabin lita. Tsakani da Allah, wa naira biyar za ta hana shan lemo yau? Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi sai haraji ya ɗaga farashi da kamar kashi 20 cikin ɗari kafin a ga tasirinsa. Kuma dokar ba ta ware kuɗin domin asibiti ba. Cikin babbar lalitar gwamnati suke faɗawa. A ganina, harajin da bai hana sha ba kuma bai sayi magani ba, kuɗin shiga ne kawai aka yi masa rawanin lafiya.

Ba wai doka ba ta aiki a ƙasar nan ba ne. Tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishiri, kuma ku duba da kanku, matasa nawa kuke gani da maƙoƙo yanzu in aka kwatanta da da? Daga 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a sukari da man girki da fulawa. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: abubuwan da aka zaɓa su kai wa talaka sinadaran gina jiki su ne dai waɗanda likita ke cewa ya rage. Yanzu ma ana ta muhawara kan ƙara sinadarai a dunƙulen magi. Ina tsoron ranar da mai talla zai ce wa uwa ta ƙara dunƙule domin lafiyar ɗanta. Afirka ta Kudu tun 2016 ta sa wa kamfanoni iyakar gishirin da za su zuba a burodi da dunƙule da sauran abincin leda, iyaka ta doka mai hukunci. Mu a 2025 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin rage gishiri. Mataki ne, amma takarda ba ta ɗanɗana miya. Sai an ga hukumar NAFDAC tana ɗibar kaya a kasuwa tana aunawa.

Ko an yi hakan, yawancin abin da mutumin Zabarmari ke ci ba ya cikin leda mai lambar hukuma. A mudu ake auna shi. Man da aka soya ƙosai da shi aka sake soyawa har ya yi baƙi, gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu mai laima, waɗanda gubarsu ke taruwa a hanta har ta kai ga ciwon daji, wake da bandar kifi da wasu marasa tsoron Allah ke yayyafa wa maganin ƙwari don kada su lalace. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Su sun rufe ƙofarsu, mu muka ci gaba da ci. Maganin wannan yana hannun malaman gona da duba-gari da shugabannin kasuwa: buhun ajiya mai ninki uku da ke kashe ƙwari ba tare da guba ba, wurin shanya mai tsabta, da hukunci ga wanda aka kama. Haka Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke nan Maiduguri tana da irin gero mai saurin nuna. Amma iri ba ya amfani in manomi ba zai iya kai wa gonarsa ya dawo lafiya ba. Sojan da ke raka manoma gona, ko ya sani ko bai sani ba, aikin lafiya yake yi.

Bari mu ƙarasa da ƙoda, domin ita ce ta fi tayar wa mutanen Barno da Yobe hankali. Gashuwa da Nguru da garuruwan bakin kogin Yobe sun daɗe suna kuka da ita, masana kuma suna kan bincike a kan ruwa da ƙasa da abinci. Abin da aka tabbatar a duniya shi ne hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen kashe ƙoda. An kuma ga wata irin cutar ƙoda a tsakanin manoman shinkafa na ƙasar Siri Lanka da masu saran rake a Amurka ta Tsakiya, mutane masu aiki cikin zafin rana suna zubar da gumi ba tare da shan isasshen ruwa ba. Ɗan'uwa manomi, ka san zafin Afrilu da Mayu a nan. Ka tafi gona da jarkar ruwa mai tsabta, kada ka jira ƙishi. Kada ka ɗebi ruwan sha da robar maganin feshi ko an wanke ta. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake haɗa maka a leda ka watsa kowace yamma, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, su ma suna cin ƙoda a hankali.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da na koyarwa na Maiduguri. Mun gode, sauƙi ne babba ga waɗanda ke kwance. Amma mu yi lissafi. Mai wankin ƙoda yana buƙatarsa sau biyu ko uku a mako. Ko sau biyu ne, kusan naira dubu ɗari ke nan a wata, ban da magani da kuɗin mota. Buhun shanshera nawa manomi zai sayar, kuma har zuwa yaushe? Na'urar awon jini kuwa kuɗinta bai kai wankin mako biyu ba, kuma za ta auna gari guda. A jihohin Kano da Ogun an gwada shirin da ya ba ma'aikatan ƙananan asibitoci damar auna hawan jini su ba da magani bisa tsari ɗaya mai sauƙi, ba sai an je babban asibiti ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. Haƙƙinku ne ku tambayi kansila da ɗan majalisa da kwamitin asibitin unguwa: akwai na'urar awon jini mai aiki? Akwai tsinken gwajin suga? Maganin hawan jini yana nan kowane wata, ko sai an shiga Maiduguri?

Wanda ya kai shekara talatin, namiji ko mace, ya je a auna shi ko yana jin garau. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya ji sauƙi, kuma mai ciwon suga ya ga likita kafin watan azumi ya kama, a daidaita masa lokutan shan maganinsa. Limamai, in kun ba ma'aikatan lafiya wuri a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, cikin awa ɗaya za su auna sahu guda.

Lokaci ya ƙwace mana. A mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba abincin yaro daga wata shida zuwa shekara biyu, da yadda ake haɗa garin kunu da gero da waken suya da gyaɗa a gida.

(Kiɗan rufe shiri)